Inji na uku yana karkarwa, jirgin kuma yana kifewa: a taimaka

Dan_Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin abin ku zo ku cece ni, yau kwana huɗu ba na barcin kirki. Na harhaɗa jirgi marar matuƙi na farko da hannuna, mai farfela huɗu 'yan inci 5. Injunan 2207 ne (lambar girmansu ke nan) masu KV 2400, wato juyi 2400 a minti kan kowane volt. ESC ɗin, wato allon da ke ba injuna wuta yana sarrafa gudunsu, irin mai huɗu a allo ɗaya ne, batir 4S mai ɗaki huɗu, ƙwaƙwalwar jirgin kuma manhajar Betaflight ke kanta. Matsalata biyu. Ta farko, inji na uku ba ya juyawa kamar 'yan'uwansa, sai ya riƙa karkarwa kamar mai masassara, in na matsa masa ya juya kaɗan ya tsaya, kuma nan da nan ya ɗau zafi. Ta biyu, ranar da ya yarda ya juya na fita da shi tsakar gida, ina ɗaga sandar rimot sai jirgin ya kife rub da ciki, farfela biyu suka karye. Kuɗin da na tara na wata takwas ne a cikin abin nan. Injin ne ya mutu ko ESC?

Nima_FPV: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa: cire farfela. Duka huɗun. Kada ka sake jona batir a ɗaki da farfela a jiki. Injin 2400 a kan cikakken 4S, wato volt 16.8, lissafinsa ya haura juyi 40,000 a minti in ba kaya a kansa. Ina da tabo a babban yatsa da zan iya turo maka hotonsa.

Dan_Aboabo: Yaya, na cire, ai biyu ma su suka cire kansu.

Pragya_Boy: Wato dai jirgin ya yi sujada tun kafin a tayar da iƙama 😂

Sarkin_Soda_Adum: Turo mana hoton sodar da ka yi a inda wayoyin inji suka haɗu da ESC. Ni gyaran waya nake yi, kuma yawancin abin da masu koyo ke kawo mini da sunan "ya ƙone" ba ƙonewa ba ce, dalma ce ba ta kama ba. Injin nan wayoyi uku gare shi. In ɗaya ba ta kama sosai ba, daidai abin da ka faɗa zai yi: karkarwa, juyi kaɗan, zafi.

Dan_Aboabo: Ga shi na turo, Masta.

Sarkin_Soda_Adum: Subhanallahi. Ƙanena, wannan ai curin fura ka ɗora a kan allo. Soda mai kyau sheƙi take yi, ta kwanta ta rungume wayar. Taka ta yi dusu-dusu ta dunƙule, alamar ƙarfen sodarka bai yi zafi ba. Irin ɗan siririn nan ne na gyaran rediyo ko? Allon ESC tagulla ce mai kauri a cikinsa, tana shanye zafi. Kana buƙatar ƙarfe mai faɗin baki, zafi wajen digiri 380 zuwa 400, da man soda. Dalma kuma ka nemi 63/37, ita a digiri 183 take narkewa, ba ta wahalar da mai koyo. Ka fara shafa dalma a kan waya daban, a kan allo daban, sannan ka haɗa su. Amma gaskiya duka sha biyun haka suke a hoton, ba na inji na uku kaɗai ba, don haka ba zan rantse cewa ita ce matsalar ba.

Oga_Sabi: Duk wannan dogon zance ne. Ka yi wa ESC kalibireshan kawai. Kai sandar sama, jona batir, ka ji ƙara, ka sauke ƙasa. Shi ke nan.

Yar_Tech: Yaya Oga_Sabi, da girmamawa, wannan na zamanin tsofaffin yarukan ESC ne, PWM da Oneshot. Dan_Aboabo, duba shafin injuna a Betaflight, me aka zaɓa a wurin yaren da ƙwaƙwalwa ke yi wa ESC magana da shi?

Dan_Aboabo: DShot600 na gani, Anti.

Yar_Tech: To DShot lambobi yake aikawa kai tsaye, ba ya buƙatar wani kalibireshan. A bar wannan. Abin da nake so ka gane shi ne matsalolinka biyu ba lalle ne uwarsu ɗaya ba. Kifewa daban, karkarwa daban. Ka fara da karkarwar, kuma akwai gwaji ɗaya da zai raba gardama ba tare da ka sayi komai ba: ka cire inji na uku ka kai shi gurbin na ɗaya, na ɗaya kuma ka kawo shi gurbin na uku. In ciwon ya bi injin, injin ne. In ya tsaya a gurbin na uku, to ESC ne ko wayar sigina. Tunda Masta ya ce ka sake soda ma, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. In ka canza uku lokaci ɗaya ya gyaru, ba ka san me ya gyara shi ba.

Oga_Sabi: Ni dai nawa da kalibireshan ya tashi.

Nima_FPV: Naka na shekara nawa, Oga? 😅

Baba_Riwaya: Salamu alaikum yara. Ni ban taɓa tuƙa irin jirgin nan naku ba, amma na haura shekara talatin ina naɗa kwayil a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, daga na fanka har na injin niƙa. Jikana ya nuna mini cikin injin irin wannan, na ga ai ɗan ƙaramin inji ne mai layi uku, ba wani aljani a ciki. Ɗana, tun kafin ka kai shi wani gurbi, in ka kwance wayoyinsa ka yi abu uku.

Na ɗaya, ka shinshina shi. Kwayil da ya ƙone warinsa ba ya ɓuya, kuma tagullar za ta yi baƙi maimakon ja.

Na biyu, ka raba wayoyin uku kada su taɓa juna, ka juya kan injin da yatsa, ka juya na lafiyayyen ka kwatanta. In na ukun ya fi nauyi kamar ana riƙe shi, to wayoyi sun haɗe a ciki. Don ka gane abin da nake nufi, ɗauki lafiyayyen ka haɗa bakin wayoyinsa biyu ka juya, za ka ji ya yi tauri. Wannan taurin nake nufi.

Na uku, ka sa mita a wurin da take ƙara, tsinke ɗaya a kan wayar inji, ɗaya a jikin ƙarfen gindinsa. Bai kamata ta yi ƙara ba. In ta yi, kwayil ya taɓa jiki.

Kada ka wahalar da kanka wajen auna om tsakanin wayoyin da ƙaramar mita ta kasuwa. Abin bai kai om ɗaya ba, wayar mitar kanta ta isa ta rikita maka lissafi. Mu abin da muke yi, mu kama injin da na'urar huda mu juya shi, mu auna wutar da yake bayarwa tsakanin kowace waya biyu. Ukun su zo daidai. In ɗaya ta yi ƙasa, a nan ɓarnar take.

Yar_Tech: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka koya mana a aji da allo cike da lissafi, kun faɗe shi a layi biyar.

Baba_Riwaya: Amin 'yata. Ku kuna da takarda, mu muna da ƙunar hannu.

Nima_FPV: Gwajin Baba na uku ya tuna mini wani abu. Dan_Aboabo, notocin da ka ɗaure inji na uku da su, waɗanda suka zo a kwalinsa ne?

Dan_Aboabo: A'a Yaya. Ƙanwata ta share ɗaki, ledar notoci ɗaya ta bi shara. Sai na je wurin wani mai kayan ƙarfe na samo masu kaurin iri ɗaya, M3. Sun ɗan fi tsawo amma sun ɗauru da kyau.

Nima_FPV: Inna lillahi. Kaurin hannun firem ɗinka nawa, notin kuma nawa?

Dan_Aboabo: Hannun milimita 4. Notin na auna yanzu, 10.

Nima_FPV: To ga ɓarawonka nan, ko aƙalla ɗaya daga cikinsu. Milimita 6 ke nan suka shige cikin injin, gindinsa kuwa bai kai haka kauri ba, kwayil na nan zaune a samansa. Notin ya hau ya soki tagulla. Kuma firem ɗin kabon ne, kabon yana ɗaukar wuta, don haka wutar layin nan tana zagayawa cikin gangar jirgin gaba ɗaya. A hannu mai 4, noti mai 6 ko 7 ya isa. Ka leƙa ta gefe da fitilar waya, za ka ga bakin notin. Sa mita tsakanin kan notin da wayar inji tun yana ɗaure, ba batir a jiki.

Dan_Aboabo: Ta yi ƙara. Noti biyu cikin huɗu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Pragya_Boy: A kama ƙanwa, ita ce mai laifi.

Hajiya_Asawase: A'a, a bar yarinya, shara aka sa ta ta yi. Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri ban san kan abin ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don shi ma ya ɗauko wannan sha'awa. Batirin nan da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado, na ga ɗaya ya kumbura kamar burodi. Lafiya kuwa?

Nima_FPV: Hajiya, ba lafiya ba. A fitar da shi daga ɗaki yau ɗin nan, a ajiye a waje kan siminti ko cikin yashi, nesa da gawayi da gas da katifa, kuma kada a huda shi ko a sake yi masa caji. Sauran lafiyayyun ma ba a barinsu a cike kwana da kwanaki. Cikakken ɗaki ɗaya na batir volt 4.2 ne, na ajiya kuwa wajen 3.8, cajar tana da wurin da ake zaɓar hakan. Abin da ya fi ba ni tsoro a wurinmu shi ne mutum ya jona caji, a ɗauke wuta, ya manta ya fita, wuta ta dawo ba kowa a ɗaki. A gidan haya mai ɗaki goma sha, ba kai kaɗai za ka yi kuka ba.

Hajiya_Asawase: Na gode ɗana, Allah ya yi albarka. Bari ya dawo daga makaranta ya same ni.

Malam_Tafo: Tunda an taɓo tsaro, ni ma in sa baki. Dan_Aboabo, ka ce a tsakar gida ka gwada, kuma sunanka ya nuna unguwarku. Daga Aboabo zuwa filin jirgin Prempeh ai taku kaɗan ne, kuna jin saukar jirage a kanku. Hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana tun 2016 ta ce a yi wa irin jiragen nan rajista, ba a tashinsu kusa da filin jirgi, ba a kuma wuce ƙafa 400 sama. Kada ka gyara inji ka faɗa hannun hukuma.

Dan_Aboabo: Malam, jirgin da bai tashi ko taƙi ɗaya daga ƙasa ba 😭 Amma na ji, in ya gyaru can bayan gari zan kai shi.

Nima_FPV: Mu ma nan Nima da Mamobi haka muke, filin jirgi na gefenmu, ga barikin soja, ga fadar shugaban ƙasa. Ko gwaji ba na yi a unguwa, sai na ɗau tirotiro na fita.

Oga_Sabi: To su Zipline da ke kai jini asibitoci fa, su wa ya hana su?

Yar_Tech: Su ai da izini suke aiki tun da suka fara a Omenako a 2019, kuma suna da hanyoyinsu a sama. Nasu ma mai fukafukai ne kamar ƙaramin jirgi, ba irin wannan ba. Mu koma kan inji na uku don Allah, yaron nan yana jira.

Dan_Aboabo: Na gode Anti. Ga inda nake. Na samo gajerun notoci, na sake soda duka sha biyun a shagon wani maƙwabcinmu mai ƙarfe mai kyau. Mita ta daina ƙara tsakanin noti da waya. Na leƙa ciki, akwai wurin da tagullar ta ƙuje, amma ba ta yi baƙi ba, ba wari. Da yatsa yana juyawa kamar sauran. In jona batir?

Sarkin_Soda_Adum: Dakata. Auna tsakanin ja da baƙi na filogin XT60, inda ake jona batir, tukuna. Za ta iya yin ɗan "ƙit" ta yi shiru saboda kafasita, wannan ba komai. In ta ci gaba da ƙara, kada ka jona. Sannan ka auna kowane gurbin wayar inji na uku da ja, ka sake aunawa da baƙi. Kowane inji yana da ƙananan makunnai shida a kan ESC, in ɗaya ya ƙone yawanci haɗewa yake yi, mita za ta tona shi. Af, na ce kafasita, a hotonka ban ga ko ɗaya ba.

Dan_Aboabo: Ta zo a kwali, na ɗauka ta ajiya ce.

Sarkin_Soda_Adum: Ta ajiya! Sa ta a inda wayoyin batir suka shiga ESC, ƙafafunta gajeru, gefen da ke da zane a kan baƙi. In ka juya ta za ta fashe maka a fuska. Ita ke shanye tsallen da wuta ke yi in injuna suka ja birki. Mai volt 35 ce ko? To ta isa.

Baba_Riwaya: Kuma ɗana, jonawar farko ka bi da ita ta cikin kwan fitilar mota. Ka yanke jar waya ta wata 'yar jona, ka sa kwan birki a tsakani. In komai lafiya, kwan zai ɗan yi haske ya dushe. In ya kama da ƙarfi ya tsaya, akwai haɗewa, kwan ya shanye wutar maimakon allonka ya yi hayaƙi. Da haka muke gwada kaya tun kafin a haife ku. In batirinka babba ne ka nemi kwan babbar mota mai 24.

Nima_FPV: Turawa suna sayar da wannan a leda da suna mai daɗi, Baba kuwa yana da shi a aljihun riga.

Dan_Aboabo: Alhamdu lillahi! Kwan ya yi haske ya dushe. Na ji ƙara uku, sannan biyu suka biyo. Na cire kwan na tura inji na uku a kwamfuta zuwa 1050, wato ɗan ƙaramin gudu, yana juyawa sumul. Sai dai bayan minti ɗaya ya ɗan fi sauran ɗumi.

Yar_Tech: Ƙara ukun farko ESC ne ke cewa ya samu wuta, biyun ƙarshe kuma ya ji muryar ƙwaƙwalwa. Wayar sigina lafiya ke nan. Yanzu kifewa. Ajiye jirgin gabansa yana kallon gaba, kai kana bayansa. A tsarin Betaflight na asali, 1 baya dama, 2 gaba dama, 3 baya hagu, 4 gaba hagu. Tura su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko wanda ka kira shi ke amsawa. Juyi kuma, 1 da 4 suna bin hannun agogo, 2 da 3 suna saɓa masa. Ka manna 'yar takarda a kai ko ka taɓa gefensa a hankali don ka gane.

Dan_Aboabo: Anti, na tura 1 sai gaba hagu ya juya. Na tura 4 sai baya dama. 2 da 3 ma sun yi musaya.

Yar_Tech: Ka juya allon ESC ne lokacin ɗaurawa, ko?

Dan_Aboabo: Eh, don wayar batir ta fito ta inda nake so.

Yar_Tech: Shi ke nan. Jirgin yana karkata hagu, ƙwaƙwalwa ta ce a ƙara wa hagu ƙarfi, sai dama ta samu. Cikin ƙiftawar ido ya kife. Ba sai ka kwance ba, daga Betaflight 4.3 akwai maɓallin sake jera injuna a shafin nan, da na sauya juyi. Bayan haka ka je shafin farko ka ɗaga hancin jirgin da hannu, hoton da ke kwamfuta shi ma ya ɗaga hanci. In ya yi wani abu daban, kibiyar ƙwaƙwalwar ba gaba take kallo ba, sai a gaya mata.

Sarkin_Soda_Adum: Ni juyi da waya nake gyara shi. Ka musanya kowace biyu cikin ukun, inji ya juya baya. Ranar da ka sake wa ESC manhaja saitin zai iya gogewa, waya kuwa ba ta mantuwa.

Nima_FPV: Masta, yaron da ya sha wuya kafin sodarsa ta kama za ka ce ya sake kwancewa? Ya yi a kwamfuta. Farfela ma ka kula, iri biyu ne a leda, kuma rubutun yana kallon sama.

Oga_Sabi: Ka sa masa batir 6S mai ɗaki shida kawai, ƙarfi zai hana shi kifewa.

Nima_FPV: Oga don Allah. Volt 25.2 a kan KV 2400, da injin da aka riga aka soka? Masu 6S wajen 1750 zuwa 1950 suke sawa.

Dan_Aboabo: Na jera su, juyi ya daidaita, hoton ma yana bin hannuna. Amma yanzu na kunna makunnin rimot ya ƙi tashi gaba ɗaya. A ƙasa an rubuta MSP.

Yar_Tech: Cire kebul ɗin kwamfuta 😄 Ba ya yarda ya tashi yana jone da ita.

Dan_Aboabo: Kai! Ya tashi. Huɗun suna juyawa. Saura ɗumin na uku, in tashi da shi haka ko in jira sabo? Oda sai ta yi sati uku kafin ta iso.

Nima_FPV: Ni ba zan tashi da shi ba. Ba kaya a kansa ma yana ɗumi, ina ga an ɗora farfela? In ya haɗe a sama zai tafi da ESC, kuma naka huɗu ne a allo ɗaya, asarar ta ninka.

Baba_Riwaya: Ni kuwa ban yanke masa hukunci ba tukuna. Ɗumin zai iya zama boris ne, ko garin ƙarfe. Notin da ya shiga da ƙarfi yana barin ɓarɓashi, maganaɗisun kuma ya kama. A Magazin ko ajiye irin wannan ka yi a kan benci, kafin la'asar ya yi gemu. A buɗe, a goge, a ɗiga wa wurin da ya ƙuje banish, a bar shi ya bushe, a yi gwajin na'urar huda. In layi ukun sun zo daidai, ban ga abin zubarwa ba.

Yar_Tech: Kuma har yanzu ba a yi musayar gurbin da na ce ba. Wa ya sani ko ɗumin daga ESC yake, tunda shi ma ya sha wuya kwana huɗu?

Sarkin_Soda_Adum: Gaskiyarki. Mita ba ta kama makunnin da ya raunana, sai wanda ya mutu.

Nima_FPV: Ina da tsohon 2207 mai 2450 a akwati, ya sha faɗuwa amma kwayil ɗinsa lafiya. Bambancin 50 ba zai dame ka ba. In akwai mai hawowa Kumasi cikin satin nan in ba shi.

Pragya_Boy: A sa a motar safe, ni zan karɓo a tasha. Ladana a bar ni in riƙe rimot minti ɗaya.

Dan_Aboabo: Ko daƙiƙa ɗaya ba za ka riƙe ba. Yaya Nima_FPV, Allah ya saka da alheri, zan turo kuɗin mota ta MoMo. Baba, in ba damuwa zan kawo na ukun wurinku ranar Asabar mu buɗe tare. Yau da daddare kuma zan yi musayar Anti in faɗa muku wanda ya yi ɗumi.

Baba_Riwaya: Ka zo da safe kafin masu walda su fara, kuma ka sa shi a leda ka ɗaure bakin.

Hajiya_Asawase: Na fitar da batirin, yana cikin tsohuwar tukunya da yashi a bayan gida. Yanzu a ina ake zubar da irinsa?